Ɗan Dagaji a Teburin Gogaggu

Muna zaune ne a bakin kwalbatin da ke raba ruwa zuwa gonakinmu, tsakanin Kura da Bunkure, muna jiran layinmu ya zo, lokacin da ɗan ƙanwata ya matso da wayarsa. Ruwan nan daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974, ya biyo babbar hanyar ruwa, ya rarrabu ƙanana-ƙanana har ya iso bakin kunyar mutum. Duk wanda ya yi noman rani a nan ya san rabin aikin jira ne, kuma a cikin jira ake hira.

Ya ce, "Kawu, dubi wannan. Naira ɗari biyu aka ce ya sa a wasan ƙwallo, ya tashi da miliyoyi."

Na ce, "Ka san shi?"

Ya ce, "A'a, amma ai ga hotonsa nan."

Na ce masa ya ajiye wayar ya gyara zama, in ba shi labarin kakan duk irin waɗannan hotuna. Wannan kuwa ba ƙanzon kurege ba ne. An yi shi a gaban kyamara, miliyoyin mutane sun kalla, mai labarin kuma yana nan da ransa.

Sunansa Chris Moneymaker. Sunan gidan nasu, in aka juya shi da Hausa, "mai ƙera kuɗi" ke nan, shi ya sa da ya yi suna mutane da yawa suka ɗauka laƙabi ya ƙirƙira wa kansa. Alhali sunan da ya gada ne daga uba da kaka. A shekarar 2003 yana da shekara 27, akanta ne mai riƙe wa wasu gidajen abinci lissafi a Nashville, cikin jihar Tenesi ta Amurka. Yana da mata da jaririya, yana kuma da bashin katin banki a wuyansa, domin tun yana jami'a ya ɗanɗana cacar wasanni, ta kuma ɗanɗana masa. Da dare, in ya taso daga aiki, sai ya kunna kwamfuta ya buga kartar da ake kira foka a wani shafin intanet mai suna PokerStars. Bai taɓa shiga gasar gaba da gaba ba, inda za ka zauna da mutum kana jin numfashinsa.

Sai ka fahimci wasan kafin labarin ya yi maka daɗi. Kati 52 ne, dangi huɗu, kowane dangi daga mai biyu har mai goma, sannan jak, sarauniya, sarki, da es wanda ya fi su duka. Ana ba kowa kati biyu a rufe, shi kaɗai ya san abin da ke hannunsa. Sannan mai rabo ya buɗe kati biyar a tsakiyar tebur, mallakar kowa: uku a tashin farko, sai ɗaya, sai ɗaya na ƙarshe. Kowa ya haɗa nasa da na tsakiya ya fitar da biyar mafi ƙarfi. Biyu iri ɗaya sun fi warwara, biyu-biyu kashi biyu sun fi biyu kashi ɗaya, uku iri ɗaya sun fi su, biyar a jere sun fi uku, biyar 'yan dangi ɗaya sun fi jere, uku da biyu a haɗe kuma, wanda suke kira cikakken gida, sun fi waɗannan duka. Kafin kowace buɗewa da bayanta ana zuba kuɗi. In wani ya zuba, ko ka biya daidai, ko ka ƙara, ko ka jefar da kartarka ka haƙura da abin da ka riga ka sa. Nan gizo yake saƙar: ba dole sai kartarka ta fi kyau za ka ci ba. In ka tsorata abokin karawarka ya jefar da tasa, tulin ya zama naka, ba wanda zai ce ka nuna abin da ka riƙe. Wasan burga ne da karatun fuska, an yi masa rufi da lissafi.

Babbar gasar wannan wasa a birnin Las Vegas ake yin ta, a tsakiyar hamadar Nebada. Wani mai gidan caca, Benny Binion, shi ya fara tara gogaggun 'yan karta a gidansa mai suna Horseshoe a 1970. A 2003 kuɗin shiga dala 10,000 ne, wanda a canjin shekarar, lokacin dala tana wajen naira 130, ya kai naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Akanta mai bin bashi ba ya ma mafarkin wannan kujera.

Amma shafin da yake wasa ya buɗe wata ƙofar baya. Ka biya kuɗi kaɗan ka shiga ƙaramar gasa, in ka ci a haye da kai wata babba, in ka ci wannan a biya maka kujerar Las Vegas. Moneymaker ya shiga da dala 86. Shekaru da dama ana cewa 39 ko 40 ne, har littafinsa ya fita da 40 a bango, sai daga baya shafin ya binciko takardunsa ya ce 86 ne. Ya ci ta farko, ya haye ta biyu. A can mutum uku na farko za a ba kujera, na huɗu kuma a ba shi dala 8,000 lakadan. Shi na huɗun yake so. Akanta ne, ya san tsuntsu ɗaya a hannu, ya san kuma adadin bashinsa. Har ya fara shirin faɗuwa da gangan sai wani abokinsa ya hana shi, ya yi masa alkawarin sayen rabin kujerar. Ya ci kujera, alkawarin aboki kuma ya bi ruwa. Ga tikiti, babu kuɗin jirgi da masauki. Sai mahaifinsa ya ba shi dala 2,000, wani abokin ma ya ba shi 2,000, kowannensu a kan kashi 20 cikin 100 na duk abin da ya samo. Sunan gidan wannan aboki na biyu, da Turanci, ma'anarsa "caca". Da marubucin littafin soyayya na kasuwar Kano ne ya haɗa sunayen nan biyu, da an ce ya cika gishiri.

An fara gasar ranar 19 ga Mayu, 2003. A nan gida lokacin an gama kwasar tumatir, zafi ya kai intaha, ana duban gabas ana jiran hadari, Kano kuma tana shirin rantsar da Malam Ibrahim Shekarau. A can, mutum 839 suka zauna, kowa da tulin ƙwandalolin wasa na 10,000 a gabansa. Dokar mai sauƙi ce: wanda nasa suka ƙare ya tashi, ba dawowa. Za a yi ta yi har su taru gaban mutum ɗaya.

Moneymaker ya shigo da hular hana-sallah da baƙin tabarau. Ba don gayu ba, don kada a karanta tsoro a idonsa ne. A intanet ba mai ganin hannunka yana rawa. A nan kuwa akwai mutanen da suka shekara talatin suna cin abinci da kallon jijiyar wuyan mutum. Burinsa a ranar farko bai wuce ya kai dare ba a kore shi ba. Ya kai daren, da tulin da ya ninka na safe fiye da sau biyar.

A rana ta uku aka kai shi teburin da kyamarori suke, aka zaunar da shi tare da Johnny Chan, wanda ya ci gasar sau biyu a jere, 1987 da 1988, wanda kuma Moneymaker ya fara sani a cikin fim ɗin Rounders na 1998, fim ɗin da ya sa masa son wasan. A nan ya yi abin kunyar da har yau ake tsokanarsa da shi. Ana cikin wani zagaye, an zuba kuɗi, tebur ya yi tsit. Shi ya ƙura wa Chan ido yana nazarin yadda gwani ke tunani, yana mamakin daɗewar da ya yi bai motsa ba. Ashe kowa shi yake jira. Ya manta kartarsa tana gabansa bai jefar ba. Sai da aka tuna masa cewa layinsa ne, aka yi dariya, ya ba da haƙuri. Duk wanda ke wurin ya ƙudurta cewa wannan baƙo ba zai kwana ba. Kafin a tashi a ranar, shi ya fitar da Johnny Chan daga gasar. Ɗan hakin da ka raina.

Kada a ce duk iyawa ce, domin ba ita ba ce. Sau biyu ya sa ƙafa a rami, ƙasa ta taso ta tare shi.

Na farko da Humberto Brenes ne, gogagge daga Kosta Rika. Moneymaker yana riƙe da takwas biyu. An buɗe uku na tsakiya, ba takwas a ciki. Ya yi zaton Brenes ba shi da komai, sai ya tura masa tuli don ya tsorata shi. Brenes ya amsa da murna, ya buɗe es biyu, hannun da ya fi kowane hannun farawa a wasan. Kati 45 suka rage ba a gani ba, biyu kacal daga ciki ne za su cece shi, buɗewa biyu ta rage. A lissafi, damarsa ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Mai rabo ya juya kati na huɗu. Takwas. Brenes, wanda bai yi kuskure ko ɗaya ba, ya tattara ya fita.

Na biyu ya fi wannan. Daren rana ta huɗu ne, an doshi asuba, saura mutum goma, ana jiran ɗaya ya fita a kafa teburin ƙarshe na mutum tara. Abokin karawar Phil Ivey ne, matashi baƙar fata wanda a shekarar da ta gabata kaɗai ya ci mundaye uku na zinariya a gasannin gidan, wanda da yawa ke cewa ba a yi kamarsa ba. Moneymaker yana da es da sarauniya, Ivey yana da tara biyu. Aka buɗe sarauniya, sarauniya, shida. Akanta yana gaba da sarauniya uku. Aka buɗe na huɗu: tara. Ivey ya haɗa cikakken gida, ya tura duk abin da ya mallaka, Moneymaker ya amsa ba tare da ya san an riga an wuce shi ba. Kati bakwai cikin 44 ne za su fisshe shi. Aka juya na ƙarshe. Es. Nasa gidan ya fi na Ivey girma. Ivey ya miƙe bai ce uffan ba, ya fita a matsayin na goma. Hausawa suka ce sa'a ta fi manyan kaya.

Haka ya shiga teburin ƙarshe ranar 23 ga Mayu yana gaban kowa, da ƙwandaloli sama da miliyan biyu. Aka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya. Dan Harrington, zakaran 1995, ya fita a na uku da dala 650,000. Saura biyu.

Wanda ya rage masa Sam Farha ne, haifaffen Bairut ta ƙasar Labanan, mazaunin Houston. In ka taɓa shiga kantin Kwari ka ga tsohon ɗan kasuwar Kwara wanda ciniki ba ya ɗaga masa hankali, to ka ga Farha. Kwat mai tsada, wuyan riga a buɗe, murmushi, da karan sigari a leɓe wanda ba ya kunnawa. Ya saba zuba dubban daloli a zama ɗaya kamar mai sayen goro. Na ɗaya zai ɗauki dala miliyan 2.5, na biyu miliyan 1.3. Da aka ba da hutu, Moneymaker ya same shi a keɓe ya ce su raba kuɗin daidai, su buga don munduwar zakara kawai, duk da cewa tulinsa ya kusa ninka na Farha. Farha ya ƙi. A ganinsa shi ya cancanci kaso mafi tsoka, tunda shi ne gwani. Wannan ƙin ya gaya wa akanta abu guda: mutumin nan ya tabbata zai cinye shi a hankali, da kaɗan-kaɗan, saboda haka ba zai so ya jefa komai nasa a zagaye ɗaya ba sai da hannu mai ƙarfin gaske. Wanda ya raina ka ya ba ka makami.

Aka kawo kuɗin, damman daloli, aka zube a kan tebur kamar yadda al'adar gidan take, don kowa ya ga abin da yake wa faɗa.

Ga zagayen da ya sa ake ba da labarin. Moneymaker yana da sarki da bakwai, sarkin na dangin baƙin mashi. Farha yana da sarauniya da tara. Aka buɗe tara, biyu, shida, biyu daga ciki baƙin mashi. Farha ya sami tara biyu, shi ke gaba, amma ya yi lamo. Moneymaker ma ya yi shiru. Aka buɗe takwas, shi ma baƙin mashi. Farha ya zuba 300,000. Moneymaker ba shi da ko biyu iri ɗaya, sai dai fata: mashi ɗaya ya rage masa ya haɗa dangi, ko biyar ko goma ya haɗa jere. Maimakon ya biya ya jira, sai ya ƙara zuwa 800,000. Farha ya biya ba da ɓata lokaci ba. Aka juya na ƙarshe: uku, ja. Ba mashi, ba jere. Hannun akanta wayam, sarki tilo. Farha bai zuba komai ba. Moneymaker ya ce ya tura duka.

Yanzu dubi inda Farha ya tsinci kansa. In ya amsa kuma yaron burga yake, ya karɓe ragamar wasan, kusan an gama. In ya amsa kuma yaron da gaske yake, shi an gama da shi nan take. Ya juya sigarinsa, ya yi wasa da ƙwandaloli, ya dubi baƙin tabaran nan. Har ya faɗa da bakinsa cewa ai dangin da yaron ke nema ne bai zo ba. Gaskiyar ke nan tsantsa, ya karanta daidai. Yana magana ne don ya ga ko leɓe zai motsa, ko maƙogwaro zai haɗiyi yawu. Moneymaker ya zama gunki. Mintuna suka wuce. Farha, gwanin karatun fuska, ya ƙaryata abin da idonsa ya gaya masa, ya jefar da kartar da ta fi. Mai sharhin talabijin ya kira ta burgar ƙarni.

Abin da ya biyo baya bai daɗe ba. Farha ya sami jak da goma, Moneymaker biyar da huɗu. Aka buɗe jak, biyar, huɗu. Farha yana ganin jak biyu, ga zuciya tana tafasa, ya tura duka. Wannan karon ba burga ba ce, akanta yana da biyu-biyu har kashi biyu. Aka buɗe takwas, aka buɗe biyar. Cikakken gida. Bayan tsakar dare, mutumin da bai taɓa zama a gasar gaba da gaba ba ya rungume mahaifinsa a gaban tulin dala miliyan biyu da rabi, wajen naira miliyan 325 a canjin lokacin.

Nan masu hoton waya suke tsayawa. Ni ban tsaya ba, domin ɗan ƙanwata ne a gabana.

Mu yi lissafin da akanta zai yi. Mutum 839, kowa dala 10,000, ya kama dala miliyan 8.39. Abin da aka raba a matsayin kyauta wajen miliyan 7.8 ne. Ragowar, fiye da rabin miliyan, ta tsaya a gidan kafin a raba kati ko ɗaya. Mutum 63 ne suka sami wani abu. Mutum 776 sun koma gida da aljihu a zazzage, cikinsu har da zakarun da suka fi Moneymaker iya wasan nesa ba kusa ba. Shi kansa gwarzon, dala miliyan ɗaya daga cikin kuɗinsa ta mahaifinsa ce da abokinsa, hukumar haraji kuma tana bakin ƙofa. Ya koma ofis ya ci gaba da aikinsa na wasu watanni. Daga baya ya ajiye, ya shiga yawon gasa gari-gari. A 2004 aurensa na farko ya mutu. A gasar shekarar kuma an fitar da shi tun ba a je ko'ina ba, bai kuma sake cin babbar gasar ba.

To wa ya ci? A shekarar ce tashar ESPN ta nuna gasar da ƙananan kyamarori a gefen tebur, masu leƙa kartar da kowa ya rufe. Mai kallo a gida yana ganin sarki da bakwai, yana ganin Farha yana gumi, yana jin kamar ya fi gwani sani. Aka yi ta maimaita shirin dare da rana. Duk wani ma'aikaci mai bashi a Amurka ya dubi wannan mai hular ya ce, ai ni ne. A 2004 mutum 2,576 suka shiga gasar. A 2005 suka zama 5,619. A 2006 suka kai 8,773, na ɗaya ya ɗauki dala miliyan 12. Bayan waɗannan akwai miliyoyin da ba su taɓa ganin Las Vegas ba, suna ta zuba 'yan dalolinsu a intanet suna neman ƙofar bayan da ya bi. Shafin da ya ba shi kujera ya ɗauke shi jakada, ya riƙe shi shekara 17 yana tallata fuskarsa. A 2014 aka sayar da kamfanin da ya mallaki shafin a kan dala biliyan 4.9. Biliyan, ba miliyan ba. Ka ɗora miliyan biyu da rabi kusa da wannan ka ga wanda aka yi wa aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba a kuma rabu lafiya ba. A 2006 majalisar Amurka ta yi dokar hana bankuna tura kuɗi zuwa shafukan caca. Ranar 15 ga Afrilu, 2011, hukuma ta rufe manyan shafukan foka a ƙasar. Da aka buɗe littattafan ɗaya daga cikinsu, Full Tilt, masu gabatar da ƙara suka ce 'yan wasa suna bin sa wajen dala miliyan 390, abin da ke asusunsa kuwa bai wuce miliyan 60 ba. Shi kansa gidan Horseshoe, inda aka zube damman dalolin nan, bai cika shekara ba bayan nasarar Moneymaker jami'an gwamnati suka shiga suka kwashe kuɗin da ke ciki saboda bashi, a Janairun 2004, aka rufe shi, aka sayar.

Ɗan ƙanwata ya ce, "To Kawu, ai noman nan namu ma caca ne."

Ban yi masa musu nan take ba, domin maganar tana da ƙamshin gaskiya. Mu nan mun san irin wannan labari tun kafin waya ta zo. A 2016, shekarar da aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta shiga gonaki ta cinye su cikin kwanaki. Masana'antar da aka gina don ta sha tan 1,200 a rana ta tsaya don ba abin niƙawa. Kwandon tumatir ya yi tashin gwauron zabo. 'Yan tsirarun da gonarsu ta tsira, ko suka sami kaya a lokacin, sun ga kuɗin da ba su taɓa gani ba, kuma labarinsu ne ya zagaya majalisu: wane ya sayi babur, wane ya biya Makka. Ba a ba da labarin ɗaruruwan da suka ci bashin taki da magani suka tashi da kara. Kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan shekarar tsada. Kowa sai ya shuka tumatir, kaya su yi yawa a Kwanar Gafan, dillali ya taya kwando a farashin da bai biya kuɗin kwandon da na mota ba, a koma yanka shi ana shanyawa a bakin titi ana yin kauɗa. Mutum ɗaya ya dace, dubu su bi sawunsa su tarar an kwashe.

Amma na ce masa akwai bambanci, kuma ba ƙarami ba ne. In manoma 839 suka shuka shinkafa a wannan fadama, Allah Ya ba da lafiyar damina, duka 839 za su iya girbi. Samun wani ba ya rage na wani. Buhun da ya fito daga gonarka bai fito daga rumbun maƙwabcinka ba, daga ƙasa da ruwa da gumi ya fito, kuma wani zai ci ya ƙoshi a Legas. A teburin can kuwa, an kwana biyar ana gumi, ba a haifi ko sisin kwabo ba. Miliyan 8.39 suka shiga, 7.8 suka fito. Kafin mutum ɗaya ya rungume ubansa, sai da 776 suka rasa abin da za su gaya wa matansu. Ko ba ka kai ga hukuncin da ke cikin Suratul Ma'ida ba, wanda yaran makarantar allo ma sun sani, lissafin kaɗai ya isa. Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano a 2024, amma ba a sa wa waya kwaɗo. Gidan cacar da Moneymaker sai da ya hau jirgi ya je, yau yana cikin aljihun kowane yaro a bakin wannan kwalbati, kuma har yanzu da hoton mutum ɗaya yake kiran kasuwa.

Ban rage wa Moneymaker komai ba. Ranar da ya tura duka da sarki tilo, ya yi abin da gogaggu da yawa ba su da zuciyar yi, kuma a 2019 an sa sunansa cikin jerin manyan wasan. Amma ba don takwas ɗin da ta faɗo a kan Brenes ba, ba don es ɗin da ya faɗo a kan Ivey ba, da ba a kai ga burgar ƙarni ba, da ba wanda ya san sunansa sai masu bin sa bashi. Kati biyu ne tsakaninsa da sauran.

Na gama, na ji daɗin kaina, ina ganin na yi wa'azin da ya ratsa. Yaron ya yi shiru yana kallon ruwa, har na fara tunanin ko na tsananta. Can sai ya ɗago.

Ya ce, "Kawu, dala 86 ɗin nan, nawa ke nan a kuɗinmu na yanzu?"

Duk 776 ɗin da na lissafa masa sun bi ta bayan kunnensa sun wuce. Mutum ɗayan nan ne ya zauna. A lokacin na gane cewa ni ma, da bakina, na yi wa gardi talla kyauta.

Daidai nan maƙwabcinmu na sama ya ɗaga hannu, alamar ya gama, ruwa ya zama namu. Na miƙa wa yaron fartanya na ce ya je ya buɗe bakin kunya ta farko. Ya cusa wayar a aljihu, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga. Na tsaya ina kallon ruwan Tiga yana bin kunya a hankali, yana jiƙa tushe ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake kowa.